Tsofaffin Garuruwan Ƙasar Yauri da Abin da Ruwan Kainji Ya Bari

Gabatarwa

Ƙananan hukumomi uku ne a kudancin Jihar Kebbi suka haɗu suka yi Masarautar Yauri, watau Yauri da Ngaski da Shanga. Wanda duk ya duba taswirar wannan yanki zai ga sunaye da yawa waɗanda Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimce su: Yelwa, Birnin Yauri, Gungun Sarki, Rafin Kirya, Tafki Tara, Dugu Tsoho, ga kuma tungaye barkatai a bakin ruwa. Daga nan sai mutum ya ɗauka cewa Hausawa ne suka sari dajin wannan ƙasa tun farko. Ba haka abin yake ba. Sunayen Hausa su ne shafe na ƙarshe a kan tsohon bango, kuma a tsakaninsu akwai wasu irin su Utono da Libata da Uleira da Gebe waɗanda ba su da ma'ana a Hausa ko kaɗan.

Wannan maƙala za ta bi tsofaffin mazaunan ƙasar Yauri bisa yadda suka biyo juna, daga tsibiran Kwara zuwa birni mai ganuwa, zuwa Yelwa, har zuwa shekarar 1968 da ruwan madatsar Kainji ya rufe wani babban sashe na ƙasar. Abin da ake son nunawa shi ne, a ƙasar da ganuwarta ta zube, tsibiranta kuma suka nutse, sunayen wurare sun zama kusan manyan shaidun tarihi da suka saura a kan tudu.

Mutanen gungu

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja a littattafan makaranta, yakan kawo ruwa sau biyu a shekara a wannan yanki. Na farko shi ne ruwan damina, wanda ke zuwa wajen watan Agusta zuwa Oktoba, yana ɗauke da laka, don haka ake ce masa farin ruwa. Na biyu kuwa ruwan sama ne da ya sauka can a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a hanya, bai iso Yauri ba sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Shi ne baƙin ruwa. Ke nan a lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙamas, a nan kogi cike yake. Wannan shi ne asirin zaman mutane a wurin tun da daɗewa: ga kifi, ga ƙasa mai danshi ta noman shinkafa da albasa, ga kuma ruwa kewaye da gida wanda mahayin doki ba ya iya ƙetarewa.

A Hausa gungu shi ne tsibiri, Gungawa kuwa mazauna tsibiri ke nan. To, amma wannan suna ne da baƙo ya raɗa. Su kansu suna kiran kansu Reshe ko Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. Su ne ake ɗauka a matsayin waɗanda suka fara kafa mulki a ƙasar Yauri. Ba su kaɗai ne a cikin ruwan ba. Daga kudu, wajen Ngaski, akwai Lopawa da Larawa, kowa da harshensa. A kan tudu ta gabas akwai Kambari da Dukawa, kuma Kambarin ƙasar Ngaski sun taɓa yin daula tasu mai suna Maginga, sunan da har yanzu yana nan a cikin sarautar gargajiya ta yankin. Daga arewa kuwa akwai Shangawa, waɗanda lamarinsu ya fi ɗaukar hankalin mai nazarin harshe, domin harshensu ba dangin na Gungawa ba ne, ba kuma dangin Hausa ba. Yana cikin rukunin harsunan Mande, tare da na Kyangawa da na mutanen Busa, kuma danginsu na nesa su ne irin su Bambara na ƙasar Mali. Kamar mutanen Bargu, su ma suna danganta asalinsu da labarin Kisra. Yau masu jin harshen Shanga kaɗan ne, a 'yan ƙauyuka na bakin kogi, sauran duk sun koma Hausa, alhali kuwa ga ƙaramar hukuma guda tana amsa sunansu.

Tsufan zama a wannan wuri ba a bakin masu ba da labari kaɗai ya tsaya ba. Kafin ruwan madatsa ya cika, an yi gaggawar tono wasu tsofaffin tuddai tsakanin 1966 da 1968 don a ceci abin da za a iya ceta. A wani tudu kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya tono tukwane da kayan ƙarfe da 'yan mutum-mutumi na yumɓu, awo kuma ya nuna cewa an zauna a wurin tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na Miladiyya. Wata tawaga daga Jami'ar Kolorado ta Amurka a ƙarƙashin David Breternitz ta yi irin wannan aiki a 1968 a wurare kamar Baha da Uleira da tsohuwar Wara. Ma'anar wannan ita ce, akwai maƙera da magina tukwane a bakin Kwara ɗaruruwan shekaru kafin sarki na farko da ke cikin jerin sarakunan Yauri.

Birnin Yauri

Jerin sarakunan da fada take riƙe da shi ya fara da Tafiraulu, wanda ake cewa ya hau a 1411. Na biyar a jerin shi ne wani sarki mai suna Yauri, daga baya kuma aka sami gidan Jerabana, wanda sarauta ta daɗe a cikinsa. Irin waɗannan shekaru na farko-farko ana samun su ne ta hanyar lissafin tsawon mulkin kowane sarki a koma baya, saboda haka ya kamata ɗalibi ya riƙe su da sassauci. Abin da ruwayoyi suka fi haɗuwa a kai shi ne cewa Hausawa, musamman Katsinawa fatake, sun zo sun tarar da 'yan ƙasa, suka zauna cikinsu, aka yi auratayya, har mulki ya koma hannun zuriyarsu. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980, a kan Yauri ta ƙarni na 19 ya yi bincikensa na digiri na biyu a Zariya a 1968, kuma littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma ya nuna yadda fatauci ya kai harshe da sarautar Hausa ƙasashen da ba na Hausa ba. Yauri tana cikin misalan da suka fi fitowa fili.

Wannan ne ma ya sa aka lissafa ta cikin Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Gwari da Nupe da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Kalmar ba ta da daɗin ji, kuma ba mutanen Yauri ne suka zaɓa wa kansu ita ba. In an cire raini daga cikinta, abin da ya rage gaskiya ce ta tarihi: ƙasa ce da Hausa ta zo ta samu da mutanenta. A ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya ci Yauri da yaƙi, ta kuma daɗe tana kai gaisuwa Kabi bayan rasuwarsa.

Cibiyar wannan mulki ita ce Birnin Yauri, wanda 'yan ƙasa ke gajartawa su ce Bin Yauri, Gungawa kuma suna kiran wurin Ireshe. Yana kan tudu, kimanin kilomita 14 kudu maso gabas da Yelwa. Arzikinsa daga mashigi ya fito. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro dole ne su ƙetare Kwara, kuma Yauri na ɗaya daga cikin wuraren da ake ƙetarewa kafin a shiga Bargu a nufi Nikki, har a dangana da Salaga. Sarki yana karɓar kuɗin fito, masu jirage suna samun nasu, zango yana cika da jakuna da kanwa da tufafi. A nan akwai wani abin lura. Birni na sarki ne, amma jiragen da ake fito da su na mutanen gungu ne. Ƙarfin sarautar Yauri ya dogara ga yadda take zaune da masu riƙe da filafili, kuma duk lokacin da wannan zama ya ɓaci, ƙasar takan girgiza.

Da jihadi ya zo, Sarki Muhammadu Albishir ɗan A'i ya yi mubaya'a ga Gwandu wajen 1810, aka bar masa sarautarsa bisa amana. Don haka Yauri tana cikin 'yan masarautun da suka shiga Daular Usmaniyya ba tare da an kawo musu mai tuta daga waje ba.

Turawa biyu 'yan'uwa, Richard da John Lander, sun sauka a birnin a tsakiyar 1830, suka yi makonni suna neman takardun Mungo Park, wanda ya wuce ta Yauri a jirgi ya halaka a Busa a farkon 1806. Ba su sami takardun ba, amma sun bar bayanin garin. Sun ce ganuwar ƙasa ce doguwa mai kyau, da manyan ƙofofi 8, suka kuma kimanta kewayenta da mil 20 zuwa 30. Wannan kimantawa ta matafiyi ce da bai auna da igiya ba, akwai alamar ƙari a cikinta, sai dai ko an rage rabi, birnin ba ƙarami ba ne. Sun ambaci masu yin sirdi da masaƙa da masu haɗa albarushi, da noman baba da taba da alkama da albasa, da shinkafa mai yawan gaske. Yau abin da ya saura na ganuwar tudun ƙasa ne da gonaki suka ci gefensa. Garin yana nan da mutanensa, amma ba ma a cikin ƙaramar hukumar Yauri yake ba, a Ngaski aka sa shi. Mutanen Nijeriya da yawa kuwa ba su taɓa jin sunansa ba sai ranar 17 ga Yuni 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya da ke garin.

Daga Ikum zuwa Yelwa

Ba maƙiyi daga waje ne ya fara karya Birnin Yauri ba. Rikicin 'yan sarki ne. Wajen 1844 aka kori Sarki Jibrilu Gajere, yaƙin basasa ya tashi, kowane ɓangare yana neman taimakon Kambari ko Dukawa ko Gungawa ko wasu maƙwabta. A cikin wannan hargitsi fada ta bar birni ta koma gungun Ikum a tsakiyar kogi. Sarautar da ta yi ƙarfi a kan tudu, da tsoro ya zo, sai ga ta a inda mutanen farko suka fake. Daga gabas kuma ga Umaru Nagwamatse da ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim bayansa, suna kai hari suna kama bayi a ƙauyukan Kambari, har ƙasa mai yawa ta fita daga hannun Yauri. Kufai da dama da ake gani a dajin Ngaski na wannan zamani ne.

A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zaɓi Yelwa, wani tsohon mazaunin Gungawa a gaɓar gabas, ya mai da shi gidan sarauta. Sunan daga yalwa yake, kuma in aka tuna irin ƙuncin da aka fito daga ciki, sunan ya dace da fatan masu shi. Ba a daɗe ba Turawa suka iso. Kamfanin Neja ya buɗe kanti a 1896, aka kuma girke soja. A watan Oktoba na 1898 wani hafsa mai suna Keating ya je wani gungu kusa da Yelwa don ya karɓi jirage da ƙarfi, mutanen gungun suka kashe shi tare da sojojinsa da dama. Martanin da aka mayar musu ya yi tsanani, amma labarin ya nuna cewa har zuwa lokacin mutumin gungu bai ɗauki jirginsa kayan wani ba. Turawa sun fara sa Yauri cikin Lardin Kwantagora, daga baya suka mai da ita Lardin Sakkwato, ta kuma ci gaba da zama a ƙarƙashin Sakkwato har aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991.

Shekarar 1968

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Madatsar kanta tana cikin Jihar Neja ta yanzu, amma ruwan da ta tare ya koma baya har ya wuce Yelwa, ya yi tafki mai tsawon kusan kilomita 135 da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200. Mutanen da aka tasa sun kai kimanin 44,000 a ƙasashen Yauri da Bargu da Kwantagora. Tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa. Tsohuwar Wara ta nutse, kuma sabuwar ce hedkwatar Ngaski a yau. Ikum ya nutse. Unguwannin Yelwa na bakin ruwa sun tafi, aka tura garin sama kan tudu. Wannan duka ya faru ne a zamanin Sarki Muhammadu Tukur, wanda ya yi mulki daga 1955 zuwa 1981.

Da farko hukuma ta yi niyyar biyan diyya da kuɗi kowa ya gina nasa, da abin bai tafi daidai ba sai ta koma gina gidaje da kanta. Aka yi sababbin ƙauyuka da bulon siminti da rufin asbesto. A takarda, mutumin da ya bar ɗakin laka ya shiga na siminti ya ci riba. To, amma gida ba ɗaki ba ne kaɗai. Bagunge ya san kowane taƙi na fadamarsa, ya san ranar da baƙin ruwa zai kai wuri kaza, ya san inda zai dasa albasa ya riƙa ɗebo ruwa da ƙwarya yana ban ruwa. Duk wannan ilmi ya zama banza a rana ɗaya, domin ƙasar da ilmin ya shafa tana ƙarƙashin ruwa, sabuwar gonar kuma ta tudu ce mai son gero da dawa. Kaburburan kakanni da wuraren tsafi da bishiyoyin da ake rantsuwa da su ba a ɗauke su a mota. Wutar lantarkin da aka yi aikin dominta kuwa, ta kama hanyar Legas da Kaduna tun kafin yawancin ƙauyukan da aka tasa su ga ƙwan fitila.

Wani masani ɗan Amurka, Frank Salamone, ya zauna cikin Gungawa a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda da yawansu suke rikiɗa su zama Hausawa: a musulunta, a bar harshe, a bar kokawar gargajiya wadda ita ce alamar ƙabilar, a koma amsa sunan Yaurawa. Wannan rikiɗa ta girmi madatsa nesa ba kusa ba, tun zamanin fataken goro ake yin ta, kuma P. G. Harris, wani jami'in mulkin mallaka da ya wallafa bayani a kan Yauri a 1930, ya tarar da ita tana tafiya. Abin da tafki ya yi shi ne ya cire shingen da ke rage mata sauri. Muddin mutum yana gungu, yarensa yana da gida. Da aka fito da shi bakin hanyar mota, kusa da kasuwa da makaranta da alƙali, sai Hausa ta same shi har ɗaka.

Abin da sunaye suka riƙe

Tafkin da ya cinye tsofaffin garuruwa shi ne kuma ya haifar da sababbi. Kifi ya yi yawa a shekarun farko, masunta suka yi ta zuwa: Sarkawa daga Kabi, waɗanda tun da can akwai su a kogin, da Nufawa, da wasu daga kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Duk inda mutum ya kafa bukka ya shanya komarsa, wasu suka biyo shi, sai wurin ya zama tunga, a kuma kira ta da sunansa ko sarautarsa ko garin da ya fito. Bugu da ƙari, ruwan tafkin yakan ja baya da mita da yawa daga bazara zuwa tsakiyar damina, ya bar fili mai danshi, manoma suka koyi bin sa da shuka. Waɗannan tungaye su ne sababbin saran daji na ƙasar Yauri, kuma kusan dukkansu da Hausa aka raɗa musu suna, domin Hausa ce harshen da baƙi mabambanta suka haɗu a kai.

Saboda haka, mai son karanta taswirar yankin yana iya rarrabe zamani da zamani daga sunaye. Sunan da ba ya fassaruwa da Hausa, galibi ya girmi zuwan Hausawa, kuma ma'anarsa tana bakin tsofaffin Gungawa ko Kambari ko Lopawa ko Shangawa. Suna mai birni yana nuna zamanin ganuwa da fatauci. Suna mai gungu yana nuna yadda mutanen tudu suke kallon na ruwa. Tunga kuwa yawanci ƙarama ce a shekaru, ko da yake ba kowace tunga ce ta bayan 1968 ba, tun da fatake da mafarauta da manoma sun daɗe suna kafa su. Inda aka ga tsoho ko sabo a jikin suna, alama ce ta ƙaura, sai a tambaya ko yaƙi ne ya tashe su, ko annoba, ko ruwa.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a yi hattara da shi. Yawancin ƙauyukan da aka tasa sun tafi da sunayensu. Wanda ya je wani gari yau aka ce masa sunansa kaza, ya kuma karanta a littafin Harris ko na 'yan Lander cewa an yi abu kaza a gari mai wannan suna, zai zaci a nan ƙarƙashin ƙafarsa abin ya faru, alhali ainihin wurin yana can tsakiyar tafki. Har wanda ake kira gungu ma yana iya zama a kan tudu yanzu, babu ruwa ko ta gefe ɗaya. Masu iya raba wannan gardama su ne waɗanda suka zauna a wuraren biyu, kuma yaron da yake da shekara 10 a 1968 yanzu ya haura 65. A cikin tsofaffin masunta akwai masu iya tsai da jirgi a tsakiyar ruwa su nuna inda kasuwa take da inda kukar gari take, domin kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin cikar tafki suna nan a ƙasa, suna yaga koma, wani lokaci ma su fasa jirgi.

Misali mafi kyau shi ne Hoge, wanda Turawa suka rubuta Foge. Kafin madatsa, shi ne babban tsibiri a wannan sashe na Kwara, kogi ya rabu biyu ya kewaye shi, da ƙauyuka da gonaki a kansa. Mafi yawansa ya nutse, sai 'yan tuddai da suke fitowa in ruwa ya ja. A 2008 aka sa waɗannan tuddai cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen ruwa da suke sauka a wurin. A takardun hukumar zaɓe kuma, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ngaski sunanta Utono da Hoge.